Shin akwai iyaka ga harajin da jiha da ƙaramar hukuma za su ɗora wa intanet da cinikin da ake yi ta waya?

'Yar Dukawa, Sakkwato

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ina da tambaya wadda ta daɗe tana damuna, kuma na ga ya fi kyau in kawo ta gaban masu sani da in ci gaba da yin gunaguni a cikin gida.

Sana'ata sayar da kayan fata, wato jakunkuna da takalma da matasan kai waɗanda dukawan garin nan suke ɗinkawa da fatar jar akuya. Ba ni da shago, ba ni da rumfa a kasuwa. Ina ɗaukar hoton kaya in sa a WhatsApp da Instagram, mai so ya turo kuɗi, ni kuma in kai kayan tasha a ba direba ya sauke su a Kano ko Abuja ko Legas. Da wannan nake taimaka wa maigida wajen kuɗin makarantar yara, kuma aƙalla gidaje uku na masu ɗinki suna samun abin sakawa a bakin salati ta dalilin odar da nake kawo musu.

Kwanakin baya wasu mutane biyu suka yi sallama a ƙofar gidanmu, suka ce an shaida musu ana kasuwanci a nan, don haka sai na biya kuɗin shago da kuɗin talla. Na ce ba ni da shago, kuma ban kafa allo ko ɗaya a bakin titi ba, sai ɗayansu ya ce ai hotunan da nake sawa a waya su ma talla ne. Da maigida ya nemi su nuna takardar da ta ba su wannan iko, sai suka ce za su dawo. Ga kuɗin data da ya tashi, ga naira 50 da ake cirewa idan kuɗin da aka tura ya kai naira 10,000, ga direba kullum yana ƙara kuɗin kaya yana cewa masu karɓar haraji sun tare shi a hanya. Wani ɗan'uwana ya ce mini a Amurka akwai dokar da ta hana jihohi da ƙananan hukumomi sanya wa intanet haraji. Shin gaskiya ne? Kuma mu a nan, akwai wata doka da ta shata musu iyaka, ko kuwa duk wanda ya riƙo littafin rasit yana da ikon karɓa?

Malamin Shari'a, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ɗan'uwanki ya yi gaskiya, amma rabin maganar ya kawo miki, kuma rabin da ya bari shi ne ya fi shafar sana'arki.

A watan Oktoba na 1998 Shugaba Bill Clinton ya sanya hannu a kan wata doka wadda Sanata Ron Wyden da ɗan majalisar wakilai Christopher Cox suka jagoranci kawowa. Abu biyu ta hana. Na farko, jiha ko ƙaramar hukuma ba za ta sanya haraji a kan kuɗin da mutum yake biya don ya shiga intanet ba. Na biyu, ba za a ware cinikin da aka yi ta intanet a ɗora masa wani haraji na musamman wanda ba a ɗora wa irinsa a shago ba, kuma ba za a bar jihohi biyu su tatsi ciniki ɗaya ba tare da an yi rangwamen abin da aka riga aka biya ba. Da farko wa'adin shekara uku aka ba dokar, aka yi ta sabunta ta, har zuwa 2016 lokacin da Shugaba Barack Obama ya sanya hannu a kan dokar da ta mayar da ita ta dindindin. Jihohi kaɗan da suka riga suka fara karɓar irin wannan haraji tun kafin 1998, ciki har da Texas da Ohio, an ɗaga musu ƙafa zuwa ƙarshen watan Yuni na 2020, daga nan su ma suka daina.

Abin da dokar ba ta yi ba shi ne yafe wa mai sayar da kaya ta intanet harajin ciniki. Idan takalmi yana da haraji a kanti, yana da shi a waya. Abin da ya kare masu sayarwa daga nesa na tsawon shekaru wani hukunci ne na Kotun Ƙolin Amurka na 1992, wanda ya ce jiha ba ta da ikon tilasta wa kamfani ya karɓar mata harajin ciniki matuƙar ba shi da shago ko ma'aikaci ko rumbun ajiya a cikinta. A watan Yuni na 2018, a shari'ar jihar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair, alƙalai biyar cikin tara suka soke wancan hukunci. Sai dai dokar jihar da ta yi nasara ta ware ƙananan 'yan kasuwa, domin a lokacin ba ta hau kan kowa ba sai wanda cinikinsa a jihar ya wuce dala 100,000 a shekara, ko ya yi ciniki sau 200. Wannan ma'auni shi ne abin da nake so mu riƙe, domin shi ne ya raba babban kamfani da mace mai sayar da jaka daga ɗakinta.

A Nijeriya ba mu da doka guda mai wannan manufa, amma ba a bar ƙofa a buɗe ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya harkar waya da sadarwa a cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take yi wa doka, shi ya sa hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ce take kula da kamfanonin sadarwa, kuma ba ki taɓa ganin ƙaramar hukuma ta sanya haraji a kan katin waya ba. Harajin VAT da ke cikin kuɗin datarki, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairu na 2020, gwamnatin tarayya ce take tattara shi sannan a raba. Naira 50 ɗin da kika ambata ita ma dokar tarayya ce ta kawo ta, ko da yake kaso mafi tsoka na kuɗin ba a Abuja yake zama ba, ana mayar da shi ga jihohi. Tashin kuɗin data kuwa ba haraji ba ne, ƙarin farashi ne na kusan rabi da NCC ta amince wa kamfanoni a watan Janairu na 2025.

Dangane da baƙin da suka zo miki, akwai doka mai lamba 21 ta 1998, wadda aka kafa a zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, wadda ta jera irin harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa. A rabon ƙaramar hukuma akwai kuɗin shago da kiyos, da kuɗin kasuwa da na tasha, da kuɗin izinin kafa allon talla. A fahimtata, hoton da yake cikin waya ba allo ba ne, domin abin da tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma shi ne kula da tallan da ake kafawa a fili, a bango ko a bakin hanya. Wannan dokar kuma ta faɗi ƙarara cewa babu wanda yake da ikon sanya shinge a kan hanya don karɓar haraji, ko da ma'aikacin hukumar haraji ne. Amma kada ki ɗauka cewa babu abin da ya hau kanki. Harajin kuɗin shiga na mutum mai sana'ar kansa haƙƙin jiha ne, ko da shago ko babu, sai dai sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yuni na 2025 sun yafe naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Idan suka dawo, maigida ya nemi takardar neman biya a rubuce, mai ɗauke da sunan harajin da adadinsa da asusun gwamnati, kuma kada a ba kowa kuɗi a hannu.

Injiniyan Sadarwa, Gwiwa

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Ni dai ina so in nuna wa Hajiya inda harajin jiha yake shiga kuɗin datarta ba tare da ta gan shi a rubuce ba, domin na yi shekaru ina aikin shimfiɗa wayar fayiba da kula da turakun sadarwa a wannan yanki.

Kafin kamfani ya haƙa rami a gefen titin jiha ya binne waya, sai ya biya kuɗin izinin bi ta hanyar, kuma da mita ake lissafinsa. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda dukkan gwamnoni suke cikinta, ta amince da naira 145 a kowace mita, amma jihohi da yawa suka yi biris, kowace ta yanka nata farashi. A 2020, lokacin da Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, aka sake tayar da maganar, jihar Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna ta yafe kuɗin baki ɗaya, Kwara kuma ta mayar da shi naira ɗaya a kowace kilomita. Ku yi lissafin da kanku. Wayar kilomita 80 a kan naira 145 za ta ci naira miliyan 11 da dubu 600, a kan naira 4,500 kuwa za ta ci naira miliyan 360, tun ba a sayi wayar ba, ba a biya lebura ko ɗaya ba. Kamfanin da ya ga wannan lissafi ba zai yi jayayya da kowa ba, zai naɗe taswirarsa ya tafi inda jama'a suka fi yawa kuma suka fi kuɗi. Jiha kamar tamu, mai faɗin ƙasa da garuruwa a warwatse daga Tangaza zuwa Kebbe, ita ce ta fi kowa asara idan aka tsawwala, domin ko da kyauta aka ba da hanya sai an roƙi kamfani kafin ya kai waya ƙauyen da ba zai mayar masa da kuɗinsa da wuri ba.

Bayan rami sai turke. A wani wuri da na yi aiki, wanda ba zan ambaci sunansa ba, turke ɗaya ya samu takardun neman kuɗi daga ofisoshi huɗu a shekara guda, wannan ya ce na muhalli, wannan ya ce na tsara gari, wancan ya ce na hayaƙin janareta. Da aka yi jinkirin biya sai aka sa kwaɗo a ƙofar, mai kawo man dizal ya zo ya koma, kafin kwana biyu sabis ya ɗauke a garuruwa uku. Masu POS suka zauna, mai jiran kuɗin magani daga ɗansa da ke Legas ya yi ta jira. Pantami da kansa ya sha faɗa cewa nau'o'in haraji da kuɗaɗen da ake karɓa a hannun kamfanonin sadarwa sun haura arba'in, kuma da wannan hujja ya yaƙi harajin kashi 5 cikin ɗari da aka so ɗora wa kira da data, wanda aka dakatar a 2023.

Mu mutanen Sakkwato ba sai an ba mu labarin rashin sabis ba. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda matsalar tsaro, mun ga yadda mai albasa ya kasa jin farashin Kudu kafin ya yi lodi, mun ga mutane suna tafiya mai nisa don kawai su kira 'yan'uwansu. Wancan dalilin tsaro ne, kuma an yi shi da niyyar kare rai. Abin da ba zan iya amincewa da shi ba shi ne a jefa jama'a cikin irin wannan hali saboda takardar neman kuɗi. Ra'ayina shi ne a yi doka ta tarayya, ba yarjejeniyar baki ba, wadda za ta ƙayyade kuɗin hanya, ta haɗe kuɗaɗen turke su zama ɗaya, ta kuma haramta rufe turke sai da umarnin kotu.

Tsohon Ma'ajin Ƙaramar Hukuma

'Yata, Allah ya sa albarka a sana'arki. Waɗanda suka zo miki gida ba da takarda ba, ba zan kare su ba, domin na san irinsu, kuma sau da yawa abin da suke karɓa ba ya isa asusun hukuma. Amma na yi shekara talatin da wani abu a aikin kuɗi na ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, kuma akwai gefen maganar da ban ji kowa ya taɓa ba.

Ki dubi mai rumfa a Babbar Kasuwa wanda yake sayar da irin jakar da kike sayarwa. Yana biyan kuɗin rumfa, yana biyan na shara da na gadi, ya sha gobarar da ta cinye wani sashe na kasuwar a farkon 2021, kuma kullum yana zaune inda mai rasit zai same shi. Idan aka ce duk cinikin da ya bi ta waya ya kuɓuta, shi kuma wanda ya bi ta rumfa ya biya, to an hukunta mutum ne saboda ana ganinsa. Shekara goma masu zuwa, idan rabin cinikin gari ya koma waya, da me za a kwashe shara a tashar da kike kai kaya, da me za a gyara magudanar ruwan unguwarku? Su kansu Amurkawan, kamar yadda Malam ya nuna, shekara 26 suka yi a kan tsohon hukunci, da suka ga kantunan cikin gari suna mutuwa kuma jihohi suna rasa kuɗi sai kotunsu ta juya.

Akwai kuma abin da yake ba ni tsoro a cikin shawarar Injiniya. Duk lokacin da aka ce Abuja ta ƙayyade, ƙarshenta Abuja ce take karɓa, mu kuma mu koma jiran rabon wata-wata. Kun ga rigimar da ta tashi a 2021 lokacin da Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta ce jihar Ribas tana da ikon karɓar VAT da kanta, kun kuma ga yadda gwamnonin Arewa suka tashi tsaye a ƙarshen 2024 a kan yadda za a raba shi. Tushen rigimar tambaya ɗaya ce, wato shin harajin na inda hedikwatar kamfani take ne, ko na inda aka ci kayan? Datar da aka saya a Wurno ko Goronyo, da kuɗin mutumin Wurno da Goronyo aka saye ta, ko da ofishin kamfanin yana Legas. Idan za a ɗaure hannun jiha da ƙaramar hukuma, to a tabbatar rabonsu yana dawowa daidai da abin da mutanensu suka kashe. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ina ganin ranar da wannan ya tabbata sosai, yunwar da take tura ma'aikata ƙofar gidajen mutane za ta ragu.

Ban manta ba cewa a garin Shehu muke, wanda ya soki sarakunan zamaninsa a kan jangali da kuɗaɗen da suke ɗora wa talakawa ba bisa ƙa'ida ba, kuma ina da wayo lokacin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna bayan zaɓen 1979. Mutanenmu ba sa ƙin biya don rowa, suna ƙi ne idan ba su ga abin da aka yi da kuɗin ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wannan kuwa ya hau kan hukuma kafin ya hau kan kowa.

Malamin Shari'a, Runjin Sambo

Baba, maganarka a kan mai rumfa tana da nauyi, kuma ban ga saɓani tsakaninta da abin da Injiniya yake nema ba. Shi yana magana ne a kan hanya, kai kana magana a kan kayan da suka bi ta hanyar. Riba riba ce, ko a rumfa aka same ta ko a waya, kuma jiha tana da haƙƙinta a ciki idan ta kai ma'auni. Kuɗin rumfa kuwa ladan wuri ne, wanda bai zauna a wurin ba ba a bin sa. Inda nake tsayawa da ƙarfi shi ne harajin shiga intanet ɗin kansa, domin an gwada shi a nahiyarmu an ga sakamakonsa. A watan Yuli na 2018 Uganda ta sanya shilin 200 a kowace rana ga mai son buɗe WhatsApp ko Facebook, masu amfani da intanet suka ragu, masu wayo suka bi ta bayan gida da manhajojin ɓoye wuri, kuɗin da aka yi tsammani bai samu ba, a 2021 aka soke shi aka maye gurbinsa da haraji a kan data. Wanda ya fi jin jiki shi ne mai sayen data ta kwana ɗaya, ba mai sayen ta wata ba.

Manyan kamfanonin waje kuma ba su kuɓuta ba, Baba. Tun daga farkon 2022 Facebook yake ƙara VAT a kan kuɗin tallan da 'yan Nijeriya suke biya, don haka ranar da Hajiya ta biya kuɗi don a yaɗa hoton jakarta, ta riga ta biya harajin talla sau ɗaya, kuma jiha da ƙaramar hukuma suna da kaso a ciki.

'Yar Dukawa, Sakkwato

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, wallahi ban ƙi biyan abin da ya hau kaina ba, kuma maganar mai rumfa ta shige ni, domin ƙanen mahaifina yana cikin waɗanda gobarar nan ta shafa. Abin da nake so shi ne in san nawa ne, na wane ne, kuma sau nawa a shekara, in biya a banki in riƙe takardata, yadda ko wa ya yi sallama zan nuna masa. Na fara rubuta cinikina da abin da nake kashewa a littafi tun daga daren jiya, domin in san ko ribata ta shekara ta kai ma'aunin naira 800,000 da Malam ya faɗa, kuma maigida ya ce zai je ofishin haraji na jiha da kansa ya tambayi yadda ake yin rajista. Saura maganar direba. Malam, idan doka ta hana shinge a hanya, wa ya kamata 'yan tasha su kai wa ƙara, kuma rasit ɗin da ake ba su a hanya zai iya zama shaida? Zan karɓo guda biyu a wurin direban da zai ɗauki kayana ranar Alhamis, in ɗauki hotonsu in turo a duba.